Hana Aikata Laifi, Fyaɗe da Shari'a a Jahar Maraɗi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye, masu unguwanni, malaman lakwal da ma'aikatan likita suka fi yi idan zancen laifi da fyaɗe ya taso a Maraɗi da kewaye. Amsoshin sun dogara da binciken masana ilimin laifuka, da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, da dokokin Nijar.

Ana iya hana laifi tun bai auku ba, ko sai dai a jira a kama mai yi?

Ana iyawa, kuma ya fi araha. A shekarar 1979 wasu masana biyu na Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, suka nuna cewa laifi ba ya aukuwa sai abu uku sun haɗu a wuri ɗaya kuma lokaci ɗaya: mai niyyar yi, da wanda za a yi wa, da rashin mai sa ido. In aka rasa ɗaya, laifin ya fasa. Bahaushe ya riga su faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyaran zuciyar mai mugun nufi aikin shekaru ne, na gida da makaranta da masallaci. Toshe tsagar kuwa mako guda ya isa. Baburan da ake jerawa a bakin babbar kasuwa a sa masu mai gadi da tikiti. Yarinyar da ke zuwa itace ita kaɗai a haɗa ta da manyan mata. Shagon cajin waya mai ƙuryar ɗaki a yaye labulen.

Abu na biyu, laifi taruwa yake yi a ƴan wurare da hannun ƴan mutane. A birnin Miniyapolis na Amurka, binciken Lawrence Sherman na 1989 ya gano kashi 3 cikin 100 na adireshin garin ne ke jawo rabin kiran da ake yi wa ƴan sanda. A Filadelfiya, ita ma a Amurka, Marvin Wolfgang ya bi sawun yara maza kusan 10,000 da aka haifa a 1945, ya tarar kashi 6 cikin 100 nasu ne suka aikata fiye da rabin laifukan duka. Saboda haka idan aka ce unguwa kaza ta lalace, a je a duba da kyau: galibi lungu biyu ne ko uku, da kango ɗaya, da samarin da ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Me ya sa sintiri ke yawa amma sata ba ta raguwa?

Saboda yawon mota a gari ba tare da an nufi wani wuri ba, amfaninsa kaɗan ne. An gwada haka a birnin Kansas na Amurka a 1972 zuwa 1973: wasu unguwanni aka ninka masu sintiri, wasu aka janye shi, adadin laifi bai canza ba. Abin da ke aiki shi ne tsayawa a wurin da laifin ke taruwa. Christopher Koper ya nuna a 1995 cewa tsayuwar minti 10 zuwa 15 ita ta fi barin tasiri bayan an tafi, da sharaɗin kada a san lokacin dawowa. In aka saba ƙarfe 11 na dare motar ke wucewa, ɓarawo ma agogo gare shi.

Mutane kan ce ai laifin komawa zai yi lungu na gaba. Wani ɓangare yakan koma, amma yawancin gwaje-gwajen da aka yi sun nuna lungunan da ke kusa su ma sauƙi suke samu, domin ba kowane wuri ke da duhu, hanyar gudu da mai sayen kayan sata a kusa ba.

Fitila ma tana cikin abubuwan da aka tabbatar. Bitar da Brandon Welsh da David Farrington suka yi wa bincike da dama ta nuna laifi na raguwa da kusan kashi 20 cikin 100 inda aka gyara hasken titi. Inda abin ke lalacewa a nan shi ne bayan an kafa fitilar sola: ƙura ta rufe farantin, batir ya mutu ko a kwance shi, babu wanda aka ɗora wa alhakin gyara. Kafin a kafa, a fara sanin wanda zai riƙa share farantin da inda kuɗin batir zai fito.

Da an tsananta hukunci, a riƙa kashewa ko dandaƙewa, ba da fyaɗe ya ƙare ba?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi da zafin rai, kuma zafin yana da dalili. Amma tun 1764 Cesare Beccaria na Italiya ya ce abin da ke hana mutum laifi shi ne tabbacin za a kama shi, fiye da girman azabar da aka rubuta. Binciken zamani ya goyi bayansa. Wanda ya san yarinya ba za ta faɗa ba, in ta faɗa iyaye za su rufe, in sun kai ƙara za a janye, shekara 10 da shekara 30 duk ɗaya ne a wurinsa.

Maƙwabtanmu sun bi waccan hanya. A watan Satumba na 2020 jihar Kaduna ta yi dokar dandaƙe wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe, a kuma kashe shi. Indiya ma ta sa hukuncin kisa a 2018 kan fyaɗen yarinya ƴar ƙasa da shekara 12. Masana na tsoron abu uku game da irin wannan doka. Mai laifin sau da yawa kawu ne, ko ɗan gida, ko maƙwabci, kuma dangi ba za su kai wanda za a kashe ba, sai rufewa ta ƙaru. Mai laifin da ya san kisa ke jiransa yana iya kashe yarinyar don ya kawar da shaida. Alƙali kuma yakan ƙara ɗari-ɗari da yanke hukunci in ya san rai ne zai tafi.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar, ta 1961 da aka yi wa gyara a 2003, ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 kan fyaɗe, 15 zuwa 30 idan yaron bai kai shekara 13 ba. A ganinmu wannan hukunci bai yi kaɗan ba. Ƙarancin waɗanda ke kaiwa gare shi ne matsalar.

Me doka ke nufi da fyaɗe? Dole sai an ga rauni?

Gyaran 2003 ya bayyana shi da kowace irin shiga jikin wani ta hanyar jima'i, da ƙarfi, ko tilas, ko barazana, ko yaudarar da ta zo wa mutum ba shiri. Kalmar da aka yi amfani da ita mutum ce, don haka yaro namiji ma yana ciki, kuma almajirai da yaran tasha suna cikin waɗanda abin ke samu ba a ji. Wanda ya sa wa mace ƙwaya a lemo, ko ya afka wa mai barci ko mai taɓin hankali, ya shiga wannan bayani ko bai ɗaga hannu ba.

Rauni ba sharaɗi ba ne. Da yawa ba a ganin komai a jikinsu. Tambayar nan ta "don me ba ki yi ihu ba?" ita ma ba ta da tushe: wani bincike a Suwidin a 2017, kan mata kusan 300 da suka je asibiti bayan fyaɗe, ya samu kashi 70 cikin 100 jikinsu ya sandare a lokacin, sun kasa motsi ko magana. Tsoro ne ke yin haka ba da zaɓin mutum ba. Gwajin budurci kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa ba shi da madogara a kimiyya. Ba ya tabbatar da fyaɗe, ba ya kore shi.

Abin ya faru yau. Me za mu fara yi?

Likita tukuna, kafin taron dangi, kafin neman wanda ya yi. Awa 72 na farko su ne komai.

Kada ta yi wanka ko tsarki in da hali, kada a wanke tufafin. Ta tafi da su a jikinta tare da na canji, ko a naɗe kowane ɗaya daban a takarda mai tsabta, irin ambulan ko takardar da ba a yi rubutu a kai ba. Kada a sa a leda: laima da zafi kan sa su yi fumfuna, shaidar ta lalace cikin kwana kaɗan. Tabarma ko zanen gado ma haka. In fitsari ya matsa ta yi, kuma in ana zaton an sa mata wani abu a abin sha, a tari fitsarin farko a kwalba mai tsabta a tafi da shi.

A je ƙaramin asibiti (CSI) mafi kusa, ko asibitin gunduma, ko a cikin Maraɗi babban asibitin jaha ko cibiyar kula da uwa da yaro. Abin da ya kamata a samu:

Maganin rigakafin ƙanjamau. Ana fara shi cikin awa 72, gwargwadon sauri gwargwadon amfani, a sha kullum har kwana 28. Inda aka fi faɗuwa shi ne mako na farko: tashin zuciya da jiri su sa a daina. A sha bayan abinci, a koma wurin likita in ya yi tsanani, amma kada a yanke. Ana gwajin jini a ranar, a sake bayan wata 3.

Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa. Yana aiki har awa 120, wato kwana 5, amma ƙarfinsa na raguwa kowace rana. In ta yi amai cikin awa 2 da shansa, a sake ba ta. Kada a yi wasa da wannan, domin dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ba ta sa fyaɗe cikin dalilan da ke halatta zubar da ciki ba. Yarinyar da ta fara ƙirgar dangi ma tana buƙatarsa ko ba ta fara al'ada ba.

Sai maganin cututtukan sanyi, da allurar ciwon hanta nau'in B, da ta tetanus in akwai rauni.

Daga nan takardar likita. A tabbatar an rubuta rana da lokaci, da abin da ta faɗa da bakinta, da abin da aka gani, da suna da hatimin wanda ya duba. Aikin likita ya bayyana abin da ya gani. Cewa an yi fyaɗe ko ba a yi ba na alƙali ne. A riƙe kwafi a gida. Ƴan sanda ko jandarma kan ba da takardar neman a duba mutum don shari'a, amma kada jiranta ya ci awannin magani: a fara karɓar magani, takardar ta biyo baya.

In ƙaramar yarinya ce, yaya za a tambaye ta?

Mutum ɗaya, sau ɗaya, a keɓe. A ce mata "gaya mini abin da ya faru", a yi shiru. Kada a ambaci sunan wani a ce "shi ne ya yi miki, ko?", domin yaro na bin bakin babba, kuma lauyan wanda ake tuhuma da wannan zai rushe shari'ar. A rubuta kalmominta yadda ta faɗe su, har da sunayen da take kiran sassan jiki. Uwa ta tambaya, goggo ta tambaya, kaka ta tambaya da tsawa, kafin a isa komisariya labarin ya zama kashi uku. Duka ko faɗa a wannan lokaci kan sa yaro ya ce ƙarya ya yi don a ƙyale shi.

Ta riga ta yi wanka, ko an yi makonni. Shi ke nan?

A'a. Maganin cututtukan sanyi, gwajin ciki da na jini duk ana iya samunsu har yanzu. Shari'a ma ba da ruwan jiki kaɗai ake cinta ba: saƙonnin waya, kiran da aka yi, wanda ya gan su tare, wanda ta fara gaya wa, kuɗi ko kyautar da aka aiko don a yi shiru, duk shaida ne. Kada a goge komai a WhatsApp. Babban laifi irin wannan ana da shekara 10 a bi shi. In an ɗauki hotonta ana barazanar yaɗawa, wannan wani laifi ne daban ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2019.

Idan aka kai ƙara, ina takardar ke bi, kuma a ina take mutuwa?

Cikin gari komisariya, a ƙauye jandarmomi, ko kai tsaye wurin mai gabatar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Maraɗi. A nemi jami'an da ke kula da mata da ƙananan yara. Kafin a sa hannu a kan bayani, a ce a karanta shi a fassara da Hausa, domin da Faransanci ake rubutawa, kuma kuskuren da aka sa wa hannu yana bin shari'ar har ƙarshe. Ana iya tsare wanda ake zargi awa 48, a sabunta sau ɗaya da izinin mai gabatar da ƙara. Da yake fyaɗe babban laifi ne, sai alƙalin bincike ya yi aikinsa kafin a yi zaman shari'a, abin da kan ɗauki watanni da yawa.

Wurin mutuwarta uku ne. Dangi su gaji da zirga-zirga daga Dakwaro ko Mayahi su daina zuwa. Shaidu su tafi ci-rani ba a ɗauki lambarsu ba. Ko a sauya wa laifin suna zuwa ƙarami don a yi saurin yankewa, hukuncin ya ragu sosai. Mai ƙara na da ikon shiga shari'ar a matsayin mai neman diyya, kuma ta wannan hanya tana iya kai kuka gaban alƙalin bincike ko da mai gabatar da ƙara ya ajiye takardar. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tambayi ofishin hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa don taimakon marasa hali a shari'a.

Mai gari ya ce a sasanta a rufa asiri. Ba ya fi ba?

Sarakuna da masu gari suna da hurumin sulhu, kuma dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta amince da shi: gona, bashi, aure, gado, ɓarnar dabbobi. Fyaɗe ba ya ciki. Laifi ne tsakanin mai yi da hukuma, shi ya sa ko iyaye sun janye ƙara, mai gabatar da ƙara na iya ci gaba.

Mun san abin da ke tura iyaye: tsoron kada ta rasa miji, da zaman tare da dangin mai laifi. Amma a lissafa abin da sulhun ke ci. Kwanakin da ake yi ana kai-kawo tsakanin dattawa su ne kwanakin maganin. Kuɗin yakan shiga aljihun maza, ita ba ta ga likita ba. Mai laifin ya koyi cewa abin yana da farashi, kuma akwai wasu yara a unguwar. Mafi muni shi ne a aura masa ita. Mai garin da ke son taimako na gaske, ya sa a kai ta likita a ranar, ya hana dangin wancan yi wa gidan barazana, ya tsawata wa masu yaɗa sunanta.

To ƙazafi fa?

Yana faruwa, kuma doka na hukunta shi. Bitar David Lisak ta 2010 ta sa ƙarar ƙarya tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda aka kai. Maganinsa bincike mai kyau, wanda ke kare mai gaskiya ta kowane ɓangare. Dukan da taron jama'a ke yi ba ya bambance mai laifi da wanda aka yi wa sharri. Wanda aka kama yana cikin aikatawa, kowa na iya riƙe shi ya miƙa wa hukuma, iyakarta ke nan.

Akwai shirin da aka gwada a Afirka ya rage cin zarafin mata?

Akwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko tilas, yawanci daga miji ko wanda ta sani, don haka shirye-shiryen da suka yi nasara cikin gida da unguwa suka yi aiki. A Limfofo ta Afirka ta Kudu, shirin IMAGE ya haɗa ƙaramin rance da zaman tattaunawa, cin zarafin da miji ke yi ya ragu da kashi 55 cikin 100 cikin shekara 2. A Kamfala ta Yuganda, shirin SASA! ya horar da mutanen unguwa, maza da mata, suka yi shekaru suna zance da maƙwabtansu, duka ya ragu da kusan rabi. A Nairobi, darasi 6 na awa bibbiyu da aka koya wa ƴan mata, yadda za su gane take-taken mutum, su ƙi da babbar murya, su kuɓuta, ya rage yawan fyaɗe a makarantun da aka yi shi.

Duk sun ɗauki lokaci kuma sun maimaita haɗuwa da mutane ɗaya. Taron yini guda da riguna da kuɗin mota bai taɓa nuna irin wannan sakamako ba.

A Maraɗi akwai ƙofofin da kowa ya sani: tallar dare da shiga zaure ko shago kai kaya, aikatau a gidan da babu mai bibiya, darasin ƙari a ɗakin malami. Kowace tana da gyara mai sauƙi: a sayar a bakin ƙofa, a dawo kafin magariba, darasi a fili kuma ba yarinya ɗaya ba. Aurar da ita da wuri ba kariya ba ce. Ƙididdigar 2012 ta nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jahar Maraɗi kashi 89, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna waɗanda aka aurar da ƙuruciya sun fi fuskantar duka da tilas. Dokar gwamnati ta 5 ga Disamba 2017 ta tanadi kare karatun yarinya, don haka wadda abin ya samu a mayar da ita aji.

Samarin fada masu shan tramol, gidan kaso ne maganinsu?

Ga mai fyaɗe ko fashi, i. Ga mai ƙaramar sata, sau da yawa gidan kaso makaranta ce, musamman da yake fiye da rabin waɗanda ke tsare a ƙasar jiran shari'a suke. Tsoratarwa ma ba ta aiki: shirin da aka yi a Amurka na kai yara kurkuku su ga wahala, da aka auna, waɗanda aka kai sun fi aikata laifi daga baya. A Manrobiya ta Laberiya kuwa, an ɗauki samari kusan 1,000 masu sata da sayar da ƙwaya, aka ba wasu horon mako 8 kan danne fushi da tsara gobe, tare da dala 200 ta Amurka. Bayan shekara 10 laifinsu ya kai kusan rabin na waɗanda ba su samu ba. Kuɗin kaɗai bai daɗe yana tasiri ba. Yaron da bai kai shekara 13 ba, doka ba ta ɗaure shi, alƙalin yara ne ke duba yadda za a kula da shi.

Matan da ƴan bindiga suka sace a Gidan Rumji ko Madarumfa, in sun dawo fa?

Tun 2019 ƙauyukan bakin iyaka da na kusa da dajin Baban Rafi ke fama da wannan, haka ƴan gudun hijirar Zamfara, Sakkwato da Katsina. Ana ƙirga awa 72 daga karo na ƙarshe da aka taɓa ta, ba daga ranar sacewa ba, don haka wadda ta yi wata a daji tana iya kasancewa cikin lokacin magani ranar da aka sako ta. A kai ta likita a ranar ba tare da an tilasta mata bayani a gaban maza ba. Ungozoma ko ma'aikaciyar likita mace ta tambaye ta a keɓe. A yi gwajin ciki, a sake bayan mako 2 in bai nuna ba. Miji da uwar miji su ma a zauna da su daban, domin saki da gori bayan dawowa na cikin abin da ke hana na gaba faɗa.

Ƙarar fyaɗe ta ƙaru a garinmu. Abin ya ta'azzara ke nan?

Ba lallai ba. Adadin komisariya yana nuna waɗanda suka zo ne kawai, kuma fyaɗe na cikin laifukan da aka fi ɓoyewa. Inda aka sa jami'a mace ko aka daina tozarta mai ƙara, adadin hawa yake yi ko laifin bai ƙaru ba. Abin da ya fi nuna gaskiya shi ne: cikin waɗanda suka zo likita, nawa suka iso kafin awa 72, nawa suka gama maganin kwana 28, ƙara nawa ta isa gaban alƙalin bincike, nawa aka yanke, cikin wata nawa. Kwamitin unguwa na iya riƙe nasa littafi na sata da tare hanya, da rana, da lokaci, da lungu, ba tare da sunan kowa ba. Bayan wata 3 a kai wa kwamishinan ƴan sanda wurare uku da suka fi fitowa da awannin da abin ke faruwa, a nemi tsayuwar minti 15 a can.